Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Wa ke biyan aibin kwamfuta a Birnin Gwari?

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar dabbobi, bayan ta shafe shekaru a rufe saboda ta'asar 'yan bindiga. Masu wannan sana'a sun san abin da ke riƙe da kasuwarsu tun kaka da kakanni, wato dillali. Mai saye bai san mai sa ba, amma ya san wanda ya tsaya a tsakani, kuma in wani aibi ya bayyana bayan an rabu, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Akwai wata haja da buƙatarta ke ƙaruwa a wannan yanki, wadda ba ta da irin wannan dillali. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Rajistar makaranta, neman aiki da cike takardun tallafi duk sun koma intanet. Ɗalibin da ya fito daga ƙauye irin Gwaska, ko malamin makaranta, ko mai shagon buga takardu a cikin gari, kowannensu yana buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihun mafi yawa, don haka sai a koma ga ta hannu, wadda ta baro Turai ko Amurka, ta sauka a Legas, ta bi ta Computer Village da ke Ikeja, ta iso Kaduna ko Kano, kafin ta kama hanyar Birnin Gwari. Tambayar ita ce: idan wannan kwamfuta ta fito da ciwo tun daga masana'anta, wa zai ɗauki asarar?

Tarihin wani ɗan ƙaramin guntu ya isa ya ba da amsa. A cikin kwamfuta akwai guntun da aikinsa shi ne sarrafa duk hoton da ke bayyana a sikirin, wanda masu gyara ke kira girafik. Girmansa bai wuce kan sarki na wasiƙa ba, kuma yana zaune ne a kan ɗaruruwan ƙananan ɗigo na dalma, waɗanda wuta da saƙo ke bi ta cikinsu, an kuma cike tsakaninsu da wani danƙo mai riƙe su. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta guntun yakan yi zafi ya buɗe, in an kashe ya huce ya tsuke. Idan dalmar da danƙon ba su dace da juna ba, wannan buɗewa da tsukewa za ta yi ta jan ɗigon har wasu su tsage. Daga nan sai layuka su fara ratsa sikirin, ko launuka su rikice, ko kuma a kunna a ji fanka na juyawa amma fuska ta yi baƙi ƙirin.

Abin da ya faru ke nan da guntayen kamfanin Nvidia na Amurka, musamman samfurin GeForce 8400M da 8600M, waɗanda aka sanya a ɗimbin kwamfutocin HP da Dell da Apple a tsakanin 2007 da 2008. A farkon Yulin 2008 kamfanin ya amsa cewa akwai rauni a kayan da aka haɗa wasu guntayensa da su, ya ce zai ware kuɗi domin gyara da musaya, waɗanda daga baya suka kai dala miliyan 196. Washegari darajar hannun jarinsa ta faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. Bayan shekara guda ya sake ware wasu dala miliyan 119.

Sai dai abin da ya fi ci wa masu saye rai shi ne yadda aka tafiyar da maganar. Nvidia bai fito da cikakken jerin guntayen da abin ya shafa ba. HP da Dell sun fitar da wani gyara na manhaja wanda ke sa fanka ta riƙa juyawa fiye da da, domin rage zafi, abin da masu saye da yawa suka ɗauka a matsayin dabarar jinkirta mutuwar na'ura har garanti ya ƙare. A watan Oktoban 2008 kamfanin Apple ya bayyana cewa Nvidia ya tabbatar masa da cewa matsalar ba ta shafi kwamfutocinsa ba, amma binciken da ya yi da kansa ya nuna ta shafi wasu MacBook Pro. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu saye a Amurka suka haɗa kai suka maka kamfanin a kotu, aka sasanta a 2010. Masu Dell da Apple suka samu gyara, da yawa daga masu HP kuwa aka musanya musu da wata Compaq mai araha, wadda suka yi ta ƙorafin ba ta kai tasu ba.

A gefe guda, akwai kamfanonin da suka fahimci cewa amana ta fi kuɗin gyara tsada. A 1994 wani malamin lissafi mai suna Thomas Nicely ya gano cewa guntun Pentium na kamfanin Intel yana kuskure a wasu lissafan rabawa. Da farko Intel ya ce sai mutum ya nuna cewa aikinsa na buƙatar irin wannan lissafi kafin a musanya masa. Da IBM ya dakatar da sayar da kwamfutocin da ke ɗauke da guntun, jama'a kuma suka yi ca, sai Intel ya ba da haƙuri ya amince ya musanya wa kowa, ya yi asarar dala miliyan 475. A Yulin 2007 kamfanin Microsoft ya ware sama da dala biliyan ɗaya, ya kuma tsawaita garanti zuwa shekara 3, saboda na'urar wasansa ta Xbox 360 tana mutuwa da irin wannan ciwo na tsagewar mahaɗin guntun hoto. Dukkansu biyun sun ji jiki, amma masu saye sun dawo musu, domin sun ga wanda ya yi ɓarna ya tsaya ya gyara.

To, ina rabonmu a duk wannan? Sasancin 2010 na masu saye ne a Amurka. Garanti yana da wa'adi, kuma galibi yana ƙarewa kafin kwamfuta ta tsallako teku. Mai saye a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba shi aƙalla shekara 2 na neman hakkinsa a kan kaya mai aibi. Idan ya gaji da na'urar da ke yi masa gardama, sai ya jefar ya sayi wata. Wadda ya jefar kuwa takan kama hanyar Afirka. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da haɗin gwiwar masana na Najeriya a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa ƙasar nan a shekara, kuma sama da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki. Kusan kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Turai suke fitowa.

A nan ne matsalar girafik ta bambanta da sauran matsaloli. Sikirin da ya fashe ana ganinsa, batirin da ya mutu ana gane shi cikin sa'a guda. Amma guntun da mahaɗinsa ya tsage ana iya farfaɗo da shi na ɗan lokaci. Masu gyara sun san dabarar: a hura masa iska mai tsananin zafi, sai ya sake kamawa, kwamfuta ta tashi garau kamar ba ita ba. Takan yi makonni ko 'yan watanni tana aiki, sannan ta koma gidan jiya, domin ciwon yana cikin guntun kansa. Duk mai gyaran da ya daɗe a titin Beirut na Kano ko a Kaduna ya san tarihin HP Pavilion dv6000 da dv9000. Wannan yana nufin na'ura mai ciwon ajali za ta iya cin duk gwajin da mai saye zai yi mata a bakin shago. Cinikin biri a sama ke nan.

Yanayinmu kuma yana ƙara gaggauta ajalin. Zafin bazara, ƙurar hunturu da ke toshe hanyar iskar fanka, wutar da ake kawowa a ɗauke, da janareto da ake kunnawa a kashe, duk suna ninka wancan buɗewa da tsukewa. Guntun da zai yi shekara biyu a ofis mai sanyi a Landan, da wuya ya ga damina biyu a Birnin Gwari.

Sai kuma tazara. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna tafiyar sama da kilomita 100 ce, a kan hanyar da aka shafe shekaru ana shiga da addu'a a fita da hamdala. A ƙarshen 2021 gwamnatin jihar ta sa an katse layukan waya a yankin na kusan wata biyu. Mutumin da ya sayar da buhunan masara ya saya wa ɗansa kwamfuta, ta mutu bayan wata guda, dole ya auna kuɗin mota, da kwana a hanya, da yiwuwar mai shago ya nuna masa rasit da aka rubuta cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Mafi yawa haƙuri suke yi.

Abin da ke biyo baya shi ne rushewar amana, amma a inda bai kamata ba. Mai saye a nan bai san sunan Nvidia ba. Wanda ya sani shi ne ɗan kasuwar da ya miƙa masa kaya, da yaron da ya buɗe ya gyara. Su ake kira macuta, su ake kaiwa wajen mai unguwa, alhali sau da yawa su ma a rufe suka sayo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: sai ka ji ana yanke wa kamfani guda hukunci, a ce kayansa duka ba su da ƙarko, ko a ce duk kwamfutar hannu yaudara ce. Shi kuwa kamfanin da ya ƙera guntun, a watan Yulin 2025 ya zama na farko a duniya da darajarsa ta kai dala tiriliyan 4. Kasuwar hannun jari ta daɗe da yafe masa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsohon labari ne. Kwamfutocin 2008 sun kusa ƙarewa a kasuwa, amma hanyar da suka biyo tana nan. MacBook Pro na 2011, masu ɗauke da guntun AMD, sun yi irin wannan ciwo, kuma sai a Fabrairun 2015 Apple ya buɗe shirin gyara su kyauta, bayan dubban masu saye sun yi ta koke. A Fabrairun 2025 masu gwaji masu zaman kansu suka gano cewa wasu sabbin katunan RTX 5090 da 5070 Ti sun fito da wani sashe a kashe. Sai bayan haka Nvidia ya amsa, ya ce abin bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, ya kuma yi alkawarin musaya. Kusan kullum mai saye ne ke fara gano aibi, kamfani ya biyo baya. Abin da aka ƙi a can yau, shi za a baje a kasuwanninmu nan da shekara biyar.

Babu na'urar da ba ta iya fitowa da kuskure, kuma mai hankali ba ya neman kamfanin da bai taɓa kuskure ba. Ma'aunin shi ne abin da kamfani ya yi ranar da ya gano. Ga mai saye na ƙarshe, abu mafi amfani shi ne a faɗi sunan samfurin da ke da aibi a fili, da lambarsa, da lokacin da aka ƙera shi. Diyya ba za ta iso Gwaska ba, amma suna zai iso, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mu ma akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Dokar gasa da kare hakkin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi ya nemi gyara ko musaya ko kuɗinsa. Fiƙihun da aka san shi a ƙasar Hausa ma ya daɗe da tabbatar da cewa ɓoyayyen aibi yana ba mai saye zaɓin warware ciniki. Ya kamata hukumar ta kai wayar da kanta da Hausa har ƙananan hukumomi, maimakon ta tsaya a manyan birane.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwar kwamfuta na Kaduna da Kano su ne za su iya tsayawa a matsayin dillalin da wannan haja ta rasa. Su riƙa tara sunayen samfuran da masu gyara suka san ba sa ƙarko, su hana sayar da kwamfutar da aka gasa wa girafik ba tare da an faɗa wa mai saye ba, su kuma wajabta garanti a rubuce, tare da ƙarin kwanaki ga wanda ya zo daga nesa. Ɗan kasuwar da ya yi haka zai rasa ciniki ɗaya ko biyu, amma zai samu gari guda.

Mai saye kuma ya rubuta lambar samfurin ya bincika a intanet kafin ya biya. Ya bar kwamfutar ta yi sa'a guda ko fiye tana nuna bidiyo, ya kashe ta huce, ya sake kunnawa. Ya tambaya kai tsaye ko an taɓa buɗe ta, a kuma rubuta amsar a rasit. Idan aikinsa rubutu ne da karatu da shirin jarrabawa, ba ya buƙatar kwamfuta mai girafik na daban, domin wadda hotonta ke haɗe da babban guntun ta fi sauƙin zafi, ta fi kuma arha. Bayan ya kai ta gida, kada ya ɗora ta a kan katifa, kuma ya kai a share mata ƙura duk ƙarshen hunturu. Kuɗin da aka tara daga gona a wannan yanki, da irin wahalar da aka sha kafin a girbe, bai kamata ya tafi a biyan kuskuren wata masana'anta ba.