Ƙwallon Kwandon Mata a Samaru: Suna Ya Yi Nisa, Kakar Wasa Ba Ta Zauna Ba

Wanda duk ya saba ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tsakanin la'asar da magariba, musamman a watannin hunturu sa'ad da hazo ke rufe garin, ya san ƙarar ƙwallon nan mai nauyi da ake bugawa a kan daɓe, kuma in ya tsaya ya duba da kyau zai tarar ba samari kaɗai ke filin ba, har da 'yan mata, waɗansu ɗaliban jami'a ne da suka fito daga ɗakunan kwana irin su Amina, waɗansu kuwa 'yan sakandare ne da suka hawo mota daga Sabon Gari ko Kwangila ko Palladan, ba don kome ba sai don su sami rabin sa'a ta jefa ƙwallo a kwando kafin duhu ya kore su. Wannan sha'awa ƙaruwa take yi a zamanin nan, a Zariya da sauran biranen Nijeriya, kuma ya kamata a bi sababinta a auna natijarta, domin abin da ya shafi lafiyar 'ya'yanmu mata da karatunsu da mutuncinsu bai cancanci a bar shi ga shafin wasanni kaɗai ba.

Ba haka kawai ba ne wasan ya yi saiwa a wannan gefe na ƙasar Zazzau. Sabon Gari ya kafu ne da zuwan jirgin ƙasa a wajen 1911, ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudanci da makarantunsu na mishan, waɗanda tun farko suka ɗauki motsa jiki a matsayin wani sashe na tarbiyyar yaro, namiji ne ko mace. Samaru kuwa, wadda ta fara da gonar binciken noma, ta zama mazaunin jami'a a watan Oktoba na 1962, ta jawo malamai da ɗalibai daga kowace kusurwa. A cikin wannan cakuɗar jama'a ne wani Ba'amurke mai horarwa, Oliver B. Johnson, wanda mutanen wasan suka fi sani da Koci OBJ, ya zauna shekaru masu yawa yana koyar da yara a filin jami'ar, har ɗaya daga cikin almajiransa, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kai ga shugabancin ƙungiyar Toronto Raptors da ta ci gasar NBA a 2019. Saboda haka yarinyar da ta ɗauki ƙwallo a Samaru yau ta tarar da sanad, in mun ari kalmar malaman hadisi, watau silsilar malami da ɗalibi wadda ta riga ta haihuwa.

Amma babban abin da ya hura wutar a 'yan shekarun nan shi ne nasarar ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress. Bayan kofunan Afirka biyu na 2003 da 2005, sai da aka yi shekara goma sha biyu kafin ta sake ci a Bamako a 2017, daga nan kuwa ba ta saki kofin ba: Dakar a 2019, Yawunde a 2021, Kigali a 2023, sa'an nan Abijan a 2025, inda ta doke Mali da ci 78 da 64. A tsakiyar wannan jeri, a gasar Olamfik ta Faris ta 2024, ta ka da Ostireliya da Kanada ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, matakin da babu wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa takawa a ƙwallon kwandon Olamfik kafin ranar. Mai horar da su kuma mace ce, Rena Wakama, mace ta farko da ta ci kofin Afirka na mata a wannan matsayi. Da Shugaba Tinubu ya karɓe su a watan Agusta na 2025 ya yi wa kowace 'yar wasa alkawarin dala 100,000 da gida da lambar girmamawa, labarin ya shiga gidajen da ba a taɓa kallon wasan ba, kuma uban da dā yake ganin abin ɓata lokaci ne ya fara lissafi na dabam.

To, a nan ne mas'alar take, domin wanda ya binciki tarihin waɗannan 'yan wasa zai ga galibinsu ba jami'o'inmu ne suka raine su ba. Ezinne Kalu a Newark aka haife ta, ta yi wasa a jami'ar Savannah State. Amy Okonkwo, wadda aka zaɓa gwanar gasar Afirka a 2023 da 2025, 'yar Kalifoniya ce da ta fito daga jami'ar TCU. Ita kanta Wakama a Raleigh aka haife ta, ta yi wasa a Western Carolina. Ba aibi ba ne a gare su, 'ya'yan Nijeriya ne da suka amsa kiran ƙasar iyayensu, kuma sun cancanci yabon da aka yi musu. Sai dai hujjar da ke cikin wannan a fili take: inuwar da muke sha ta bishiyar da aka dasa a gonar wani ce. A Amurka, wata doka ta 1972 ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya fifita maza a kan mata, har a sha'anin wasanni, kuma a kan wannan asasi ne aka gina nizamin da ƙungiyar mata ta jami'a ke buga wasa kusan talatin a kowace shekara, daga Nuwamba zuwa Maris, ta fara da baƙi na nesa, sa'an nan ta shiga wasannin rukuninta da jami'o'in da take kishi da su, mako bayan mako, kowa ya san ranar da za a haɗu tun watanni kafin ta zo. Wasan ƙarshe na 2024 tsakanin South Carolina da Iowa ya tara masu kallo fiye da miliyan 18 a talabijin. Ɗalibar da ta gama shekara huɗu a can ta buga wasa na gaske sama da ɗari, da alƙali da agogo da 'yan kallo.

Ita kuwa takwararta ta Samaru, me take jira? Tana jiran NUGA, gasar jami'o'in Nijeriya da aka fara a Ibadan a 1966, wadda a ƙa'ida ake so a riƙa yi duk bayan shekara biyu, alhali an yi ta a Ife a 2014, a Makurɗi a 2017, ba a sake ba sai a Legas a 2022. Wannan yana nufin akwai ɗalibar da ta shiga jami'a bayan bikin Makurɗi ta kusa fita ba ta ga ko ɗaya ba. In ma an yi, kafin a je akwai wasannin share fage na shiyya, waɗanda ake gamawa cikin 'yan kwanaki, kuma ƙungiyar da ta faɗi a nan ta gama kakarta ke nan tun ba ta soma ba. Ƙara da yajin aikin malaman jami'a, na 2020 da ya ci wata tara da na 2022 da ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sa'ad da aka rufe ɗakunan kwana kowa ya koma garinsu. Wanda ya san wasan ya san mutum biyar ne a fili, kuma daƙiƙa 24 kaɗai suke da ita su kai hari, don haka dole kowace ta san inda 'yar'uwarta za ta tsaya ba tare da ta waiga ba. Irin wannan fahimtar juna ba ta samuwa a sansanin mako biyu da ake kira gab da tafiya, kamar yadda ba a haddace Alƙur'ani da karatun daren sauka.

Gasar ƙungiyoyin mata ta ƙasa, wadda bankin Zenith ke ɗaukar nauyi tun 2005, ita ce ƙofa ta biyu, an kuma raba ta gida biyu, rukunin Savannah na arewa da rukunin Atlantic na kudu. Ta yi amfani ƙwarai, domin ta nan Murjanatu Musa ta fito, ta ci kofin 2019 da Air Warriors ta Abuja, ta wuce Sifen da Faransa, ta zama ginshiƙi a D'Tigress. Amma ita ma galibi a tattare ake buga ta, a tara ƙungiyoyi a gari ɗaya na 'yan kwanaki a watse. Rikicin shugabancin hukumar wasan ta ƙasa, wanda ya raba ta gida biyu tun 2017, ya ƙara dagula al'amari, har a watan Mayu na 2022 gwamnatin tarayya ta janye Nijeriya daga gasannin duniya, aka ba Mali gurbin da matanmu suka sha wahala suka samu a gasar cin kofin duniya ta Sidini, kuma ko da aka soke hukuncin bayan 'yan makonni, gurbin ya riga ya tafi.

Akwai kuma wata tambaya da ta fi damuna, wadda ba a cika yin ta da babbar murya ba: a garin Sarauniya Amina, ina 'ya'yan Hausawa a wannan fili? Ana ganinsu, amma ba gwargwadon yawansu a azuzuwan jami'ar ba. Masu saurin hukunci sukan ce addini ne ya hana, ni kuwa ban yarda da wannan a dunƙule ba. Asalin wasa a wurin fuƙaha'u mubahi ne matuƙar bai haɗu da haram ba kuma bai shagaltar daga farilla ba, kuma ya zo a ruwayar Abu Dawuda cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Uwar Muminai A'isha. Al'adarmu ma ba ta san 'ya mace a zaune wuri ɗaya ba, domin gaɗar da 'yan mata ke yi a dandali tsalle ce da juyi da faɗawa hannun ƙawaye. Abin da iyaye ke tsoro, kuma tsoronsu yana da hujja, shi ne sutura da cakuɗa da dawowa gida bayan magariba. Game da sutura, shingen ya daɗe a dokar wasan kanta, har matan Katar suka fice daga gasar Asiya ta 2014 a Inchon saboda an hana su shiga fili da ɗankwali. Amma a watan Mayu na 2017 hukumar wasan ta duniya, FIBA, ta amince da rufe kai, hukuncin ya fara aiki a Oktoba na shekarar, bayan fafutukar mata irin su Bilqis Abdul-Qaadir. Yau babu ƙa'idar FIBA da ta hana yarinya buga wasa da hijabin wasanni da riga mai dogon hannu da dogon wando. Abin da ya rage shi ne wuri da lokaci: fili a buɗe, maza zagaye da shi, mai horarwa namiji, sa'a kuwa ta yamma lis. Uban da ya ƙi wannan surar ba lalle ne ya ƙi wasan ba, kuma har yanzu ba mu gwada shi da wata surar ba balle mu ce ya ƙi.

Fa'idar da ake samu, ko a wannan hali na rashin nizami, ba ƙarama ba ce. Ɗalibar da ke atisaye sau uku a mako tana da ƙarfin jiki da natsuwar da ke taimakon karatunta, tana koyon karɓar umarni da ba da shi, tana kuma ƙulla zumunci da 'yar Sabon Gari wadda harshensu da addininsu suka bambanta, a garin da ya ɗanɗani ɗacin rikicin addini a 1987 ya kuma san tsadar zaman lafiya. Waɗansu sun sami aiki ta dalilin wasan, tun da hukumomi irin su Kwastan da bankuna irin su First Bank suna da ƙungiyoyin mata. Illar kuwa ita ce sunan ya yi wa tsarin nisa. Yarinya ta ga kyautar dala 100,000 a talabijin, ta sa rai, ta tarar babu tsani tsakanin filin unguwarsu da wannan matsayi sai na ficewa: wadda ta yi fice Legas ko Abuja za ta nufa, wadda ta fi sa'a ta haye teku, sauran kuma su ajiye takalmi a shekarar ƙarshe ta karatu. Daɓen siminti yana cin gwiwa da idon sawu, kuma raunin jijiyar gwiwa, wanda likitocin wasanni suka tabbatar ya fi yawa ga mata, yakan kawo ƙarshen wasan wadda ba ta da mai biya mata kuɗin aiki.

A ganina Zariya ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta gyara nata. Garin da ya tara harabar jami'ar ta Samaru da ta Kongo, da Jami'ar Ilimi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan, ban da sakandaren 'yan mata, yana da abin da zai haɗa rukuni na kansa ba tare da kuɗin otal ko na doguwar tafiya ba, domin babu biyu daga cikin waɗannan da tsakaninsu ya kai tafiyar sa'a guda a mota. Ƙungiya shida, in kowace ta karɓi baƙuncin kowace ta kuma kai mata ziyara, sun ba kowace ɗaliba wasa goma a zango, kuma in aka ƙara ziyara ɗaya zuwa Jami'ar Bayero ta Kano da ɗaya zuwa Jami'ar Jihar Kaduna, an sami kaka mai farko da ƙarshe. Sashen koyar da motsa jiki da kiwon lafiya na jami'ar yana yaye ɗalibai mata kowace shekara, waɗanda za su iya riƙe usur su kuma horar, a ware musu sa'o'i a zauren wasanni mai rufi inda mata kaɗai za su shiga, a sa wasan ranar Asabar da hantsi don a tashi kafin azahar, a liƙa jadawalin a ƙofar ɗakin kwana na Amina tun makon farko na zango, yadda uwar da ke Tudun Wada ko cikin Birni za ta san ranar da 'yarta za ta buga, ta yafa mayafinta ta zo ta zauna ta gani da idonta.