Fikafikan Jirgin Inji: Wane Iri Ya Dace Da Mu?

Mutanenmu na Mandera da sauran ƙauyukan Boɗinga da Shagari ba su manta da watan Afrilu na 2022 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife a ruwan Shagari, fiye da mutum 20 suka rasu. A watan Mayu na 2023 kuma yara 15 suka halaka a kan hanyarsu ta zuwa itace. Tun daga nan jama'a ke maganar sayen ƙaramin jirgin faiba mai inji don fito. Shugaban wata ƙungiyar manoma ya tambaye ni, ya ce mai sayarwa ya ba su zaɓi tsakanin fikafikai iri biyu, su kuwa ba su san bambancinsu ba. Ga amsa, domin kowa ya ƙaru.

Fikafikan nan wasu farantai ne guda biyu da ake ɗaurawa a gindin jirgi, ɗaya dama ɗaya hagu. In jirgi na gudu aka kwantar da su ƙasa, ruwa yakan tokare su, gindi ya ɗaga, goshi ya sauka. Ta haka jirgi ke miƙewa da wuri, matuƙi ya ga gabansa, mai kuma ya yi auki.

Iri na farko shi ke gyara kansa. Yana da wata sanda mai aiki kamar sifirin. In ana tafiya a hankali sai ta danna farantin ƙasa, in gudu ya ƙaru sai ƙarfin ruwa ya tura shi sama. Ba ya bukatar batir ko waya, kuma ya fi araha. Aibinsa shi ne matuƙi ba ya da iko da shi a tsakiyar ruwa. In kaya sun rinjayi gefe ɗaya, haka za a tafi a karkace. Farantansa kuma a ƙasa suke in an tsaya, don haka sukan kama ciyawa da raga a bakin gaɓa.

Iri na biyu matuƙi ne ke sarrafa shi da maɓalli, kowane gefe daban. In jirgi ya karkata hagu, sai ya kwantar da farantin hagu, gefen ya taso. Amma yana son batir mai kyau, da makanikin da ya san shi, ga tsada. Wanda bai saba ba, in ya danna da yawa cikin gudu, shi da kansa zai karkatar da jirgin.

To, wanne za a ɗauka? Ga ƙaramin jirgin ƙungiya wanda matuƙa da yawa ke karɓa-karɓa, mai gyara kansa ya fi. Abin da ba mu iya gyarawa a ƙauye, ranar da ya lalace ya zama ado.

Amma a lura. Fikafikai ba su aiki sai da gudu. Dogon kwale-kwalen katako da ke tafe a hankali da buhunan albasa ba zai amfana da su ba. Kafin a kashe ko kwabo, a fara da waɗannan:

1. A duba ƙusar da inji ke jingina a kanta. Akwai ramuka a jere. In aka sa ta a ramin kusa da jirgi, goshi zai sauka. In aka matsar da ita baya, goshi zai ɗaga. A kashe inji kafin a taɓa ta, a gwada rami ɗaya-ɗaya.

2. A shimfiɗa kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya. Mutane su zauna daidai dama da hagu, kada kowa ya miƙe tsaye.

3. A ja layi da fenti a jikin jirgi inda ruwa ke tsayawa in an ɗauki kaya daidai kima. In ruwa ya rufe layin, a rage kaya ko da an yi sawu biyu.

4. Kowa ya sa rigar da ke hana nitsewa, yara su ne kan gaba.

'Yan'uwa, babu farantin da zai ceci jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinsa. Rigakafi ya fi magani. In kuɗin ƙungiya ba su isa duka biyu ba, a fara sayen riguna, fikafikai su jira kaka mai zuwa. Allah ya kiyaye mu.