Jikinmu Hanyar Wuta Ce

Shirinmu na yau magana ɗaya ya ɗauko: wutar lantarki tana ratsa jikin ɗan Adam cikin sauƙi, kuma fata ce kaɗai katangar da ke tsakaninmu da ita.

Dalilin yana cikin ruwan jikinmu. Fiye da rabin nauyin babban mutum ruwa ne, ruwan kuma mai gishiri, wato sinadaran sodiyam da fotasiyam, waɗanda ke ɗaukar lantarki. Zuciya ma da lantarkinta take aiki. A samanta ta ɓangaren dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke sakin tartsatsi sau 60 zuwa 100 a minti, kowane tartsatsi ya sa tsokar ta matse. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, ya auna wannan a birnin Leiden farkon ƙarni na 20. Majinyaci kan tsoma hannuwansa biyu da ƙafar hagu cikin bokitan ruwan gishiri, na'ura ta zana bugun zuciyarsa. Aikin ya jawo masa kyautar Nobel a 1924, kuma daga nan gwajin zuciya na asibitocinmu ya samo asali. To, hanyar da lantarkin zuciya ya bi ya fito, ita wutar waje ke bi ta shiga.

Wani zai ce wuta ta sha jan sa, bai mutu ba. Gaskiya ne, amma mai yiwuwa fatarsa a bushe take. Busasshiyar fata tana tare wuta ƙwarai. In ta jiƙe da ruwa ko gumi, ƙarfin tarewarta na iya raguwa ninki ɗari. A lokacin, wutar gida mai volt 230 ta isa ta rikita bugun zuciya har jini ya daina zagayawa. Wani kuma zai kawo tsuntsun da ke kan waya. Shi ƙafafunsa biyu kan waya ɗaya suke, bai taɓa ƙasa ba, wutar ba ta da mafita. Mai tsaye babu takalmi a jiƙaƙƙen siminti, yana tsoma yatsa a bokitin da hita ke ciki, ya buɗe mata hanya ta ƙirjinsa.

Don haka, jama'a, a cire hita daga soket kafin a taɓa ruwa. In wuta ta kama wani, a kashe ta tukuna, ko a ture shi da busasshen itace. Kada a kai hannu. Allah Ya tsare mu.