Me ya sa ƙafar hagu ke neman kuloci a motar otomatik?

Duk aikin da jiki ya maimaita sau dubbai, ƙwaƙwalwa takan miƙa shi ga wani sashe da ke can cikinta, besal gangiliya, ya riƙa gudana ba tare da tunani ba. Shi ya sa direban da ya daɗe da manuwal, in ya zo tsayawa, ƙafarsa ta hagu ke zabura neman kuloci. A otomatik kuwa babu kuloci, birki ne a kusa, ga shi da faɗi. Ƙafar da ta saba dannawa har ƙasa sai ta ƙame motar nan take, na bayanka ya daki bamba.

Don haka ka janye ta gefe, ta dama ta riƙe birki da totur. Kuma a D, da ka saki birki motar za ta fara gangarawa da kanta.