Sauyin Yanayi da Fargabar Ɗaliban Jinya

A watan Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ambaliya ta kutsa har cikin asibitin koyarwa na Maiduguri. Aikin da ke jiran ɗaliban jinya ke nan: kwalara bayan ruwa ya janye, tsofaffi suna galabaita idan zafi ya tsananta.

Damuwa kan sauyin yanayi ta yaɗu. Wani bincike na 2021 kan matasa 10,000 a ƙasashe goma, har da Najeriya, ya gano kashi 59 cikin ɗari suna cikin tsananin fargaba.

Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta duniya ta nemi a saka sauyin yanayi cikin manhaja. A aikace, ɗaliba za ta koyi sanyaya jikin wanda zafi ya kayar, haɗa ruwan gishiri da sukari, da kwashe majinyata kafin ruwa ya cika ɗaki.