Layin dogo: Yadda jirgin ƙasa ya raya wasu garuruwan Arewa amma ya tsallake ƙasar Gwandu

Da zarar an gama girbin dawa a ƙauyukan Gwandu da Kalgo na jihar Kebbi, irin su Wurogauri, sai kasuwar motar kara ta buɗe a wurin yara. Su fere ɓawon karan, su yayyanka totuwar, su soke ta da tsinke, su yanko tayoyi daga sakaina ko tsohon silifas. Kafin la'asar an samu tirela da a-kori-kura, har da motar ɗaukar shanu.

Yaro dai abin da ya gani yake ƙerawa, shi ya sa da wuya a ga jirgin ƙasa a cikin waɗannan motoci. Duk faɗin jihar Kebbi babu tashar jirgin ƙasa ko guda ɗaya, haka ma makwabciyarta Sakkwato, duk da cewa sama da shekara 110 ke nan da jirgi ya fara shiga Kano.

Ƙananan jirage, manyan masoya

A Turai da Amurka, ƙera ƙananan jiragen ƙasa abin sha'awa ne da dattawa ke kashe wa kuɗi da lokaci. Mutum zai ware ɗaki guda ya shimfiɗa layin dogo a kan tebur, ya jera kan jirgi da taragu masu tafiya da lantarki, sannan ya gina ɗan ƙaramin gari kewaye da tasha: shaguna da rumbunan ajiya da tankin ruwa da mutane suna jiran jirgi.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi ana kiransa HO, inda ake rage girman komai sau 87. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin milimita 16.5 ce kacal.

Mafi shahara a duniya shi ne Miniatur Wunderland da ke birnin Hamburg na Jamus, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Idan aka haɗa tsawon layukansa ya haura kilomita 15.

Irin garin da masu wannan sha'awa ke kwaikwaya a kan tebur, wato garin da rayuwarsa ta rataya a kan tasha, akwai shi na gaske a ƙasar Hausa. Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda da Nguru duk sun ga wannan zamani.

Yadda dogo ya shigo Arewa

Turawan mulkin mallaka sun fara aikin layin dogo daga Legas a ƙarshen ƙarni na 19, ya kai Ibadan a 1901. A Arewa kuwa, a zamanin Gwamna Percy Girouard aka fara shimfiɗa layi daga Baro, a bakin kogin Neja, a 1907. Layin ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da na Legas suka zama hukuma ɗaya.

Auduga Turawa suka sa rai za su riƙa kwasa domin masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi riba, suka karkata gare ta. Daga nan aka samu dalar gyaɗa, aka samu manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Zariya ta zama mahaɗa. Daga can wani siririn layi ya nufi Jos a 1914 domin kwaso kuza, kafin a rufe shi a 1957. Wani reshen ya nufi arewa maso yamma, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Na Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930.

Shekarar da dogo ya isa Ƙaura ita ce shekarar da tattalin arzikin duniya ya karye. Farashin amfanin gona ya faɗi, aikin sababbin layuka ya tsaya cik. Sai a 1958 aka sake ɗaukar babban aiki, shi ma gabas ya nufa, ya kai Maiduguri a 1964. Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri suka ci gaba da jira.

Rayuwar garin tasha

Jiragen farko da kwal suke aiki, wanda ake haƙowa a Inugu. Irin wannan kan jirgi ba ya doguwar tafiya ba tare da ya sha ruwa ba, don haka ake kafa tankuna a tashoshi. Kowace tsayawa kuma ciniki ce ga masu tallar abinci da 'yan dako da masu masauki. Daga 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wato NRC, jiragen dizal suka fara maye gurbinsu sannu a hankali.

Taragun ma kowane da aikinsa. Akwai rufaffe na buhunan gyaɗa da dilolin auduga da fatu da ƙiraga. Akwai mai tagogin shan iska na shanu da ake kai wa Kudu. Akwai na tankin mai, sai na fasinja mai daraja hawa-hawa, gwargwadon aljihun mutum. Idan jirgi ya juyo daga Kudu, goro da gishiri da kananzir da atamfa yake sauke wa 'yan kasuwa.

Kusa da tasha kamfanonin Turawa suka gina kantuna da rumbuna. Injinan gurzar auduga suka tashi a Funtuwa da Gusau. Ma'aikatan reluwe, waɗanda da yawansu daga Kudu suka zo, suka zauna a kwatas da unguwannin Sabon Gari. Gusau, wadda a da ba ta kai Sakkwato ko Gwandu suna ba, ta zama cibiyar ciniki, yau kuma ita ce babban birnin jihar Zamfara.

Ƙauran Namoda, da yake nan ne ƙarshen layi, ta zama matattarar kayan da ake kawowa a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, daga garuruwan da dogo bai kai ba.

Wannan zamani bai ɗore ba. Da man fetur ya karɓe ragamar tattalin arziki a shekarun 1970, noman gyaɗa da auduga ya ja baya, aka koma gina tituna, tireloli suka kwashe dakon kaya. Rashin gyara ya cinye layukan da taragun. Reshen Ƙaura ya shafe shekaru jirgi ba ya bin sa yadda ya saba, ga kuma matsalar tsaro da ta addabi yankin.

Tsakanin layuka biyu da suka tsaya

Idan aka duba taswira, Birnin Kebbi na tsakanin ƙarshen layuka biyu ne. Ta gabas akwai Ƙauran Namoda, nisan fiye da kilomita 250. Ta yamma kuma, a Jamhuriyar Nijar, akwai Dosso, wadda ta fi kusa.

Kamfanin Bolloré na Faransa ne ya shimfiɗa layi mai tsawon kusan kilomita 140 daga Yamai zuwa Dosso tsakanin 2014 da 2016. Manufar ita ce a haɗa shi da layin Jamhuriyar Benin da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Parakou. Rikicin shari'a kan wanda ke da haƙƙin aikin ya hana a ƙarasa, kuma layin bai taɓa yin jigilar yau da kullum ba.

Wannan giɓi yana da tsada ga manomin Kebbi. Jihar, wadda aka ƙirƙira a 1991, ta yi suna wajen noman shinkafa. A Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, kuma akwai manyan injinan casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi. Aliero ta shahara da albasa, ga dabbobi da kifi da gero.

Duk wannan kaya a bayan mota yake tafiya, mafi yawa ta hanyar Jega da Koko da Yawuri zuwa Kontagora. Shinkafa da shanu kaya ne masu nauyi da ke tafiya mai nisa, irin wanda jirgin ƙasa ya fi mota arha a kansa, domin jirgi ɗaya na jan abin da tireloli da dama za su ɗauka. Albasa kuwa ba ta jure jinkiri, kwana biyu a hanya cikin zafi na iya rage darajar buhu.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ƙaru. Ɗan kasuwa yakan rage wannan kuɗi ne daga abin da zai biya manomi a kasuwar ƙauye, ko ya ɗora wa mai saye a Legas.

Sababbin layuka, tsohuwar taswira

Najeriya ta dawo da aikin dogo a 'yan shekarun nan. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186 a watan Yulin 2016, sai na Legas zuwa Ibadan a 2021. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi wanda kamfanin Mota-Engil na Portugal ya karɓa. An tsara wannan layi ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, tsawon kusan kilomita 284.

Sai dai sababbin layukan faɗinsu milimita 1,435 ne, na Turawa kuwa 1,067. Taragon wannan ba ya hawa layin wancan. Ko da an farfaɗo da reshen Ƙaura, sai an sauke kaya an sake lodawa kafin su hau sabon layi.

Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, ya kuma nuna cewa shimfiɗa ƙarfe kaɗai bai isa ba, sai da tsaro.

Babban aikin sufurin da ya ratsa Kebbi a yanzu titi ne, wato hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024. Babu ko ɗaya daga cikin layukan dogon da aka ambata da ya taɓa jihar. Idan aikin Maraɗi ya kammala, yaran Kazaure da Daura za su riga na Gwandu da Kalgo ganin jirgi yana wucewa ta bayan gari, manoman Kebbi kuma za su ci gaba da loda shinkafarsu a tirela.