Gyaran Ƙwayar Gado: Aikin da Ke Jiran 'Ya'yan Manoma

Duk manomin dawa ko masara a Kiru da Tudun Wada ya san ƙuduji, ciyawar nan da ke maƙale wa saiwa tana tsotse shuka tun kafin ta leƙo doron ƙasa. A yi noma, a zuba taki, kara ya tsumbure, zangarniya ta fito ba kumari. A Jami'ar Kenyatta da ke Kenya, Farfesa Steven Runo yana gyara ƙwayar gadon dawa don ta sauya sinadarin da saiwarta ke fitarwa, wanda shi ke sa irin ƙuduji ya tsiro. Dabarar da yake amfani da ita, CRISPR, ta fito a 2012 daga hannun Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, kuma tana aiki kamar almakashi: ta yanke daidai inda ake so.

An fi jin labarinta ta fuskar sikila, tun da Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy a 2023. Amma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2, don haka a ganina ƙofar aiki ga matasanmu ta gona ce. Yankan ma ba shi ne mai wuya ba. Waɗanda suka yi ƙaranci su ne masu renon tsiro daga ɗan mitsitsin yanki a cikin kwalba ba tare da ya ruɓe ba, da masu karanta jerin ƙwayoyin gado a kwamfuta, sai masu haƙurin gwada iri damina bayan damina. A wannan na ƙarshe, ɗan Doguwa da ya tashi da fartanya ya riga ɗan birni, domin idonsa ya san lafiyayyen kara daga nesa. Wuraren koyo kuma ba nisa: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta fitar da wake mai jure tsutsa, SAMPEA 20-T, a 2019 (ta wata dabara daban), da Jami'ar Bayero, da rassan cibiyoyin binciken noma na IITA da ICRISAT a Kano.

Za a ce guraben kaɗan ne, wuta ba ta tsayawa, sinadaran gwaji sai da dala. Gaskiya ne, kuma yaudara ce a yi wa ɗalibi alkawarin albashi. Sai dai wanda ya iya renon tsiro da lissafin bayanai zai samu gurbi a kamfanin iri ko ɗakin gwajin asibiti, ko da bai taɓa gyara ƙwaya ɗaya ba. Masu fargabar taɓa halitta kuwa suna da haƙƙin a amsa musu. Hukumar NBMA mai sa ido kan fasahar halittu ta fitar da ƙa'idojin gyaran ƙwayar gado a 2020, kuma tantance iri kafin ya isa kasuwar Tudun Wada aiki ne da ke buƙatar masanan da za su yi wa manomi bayani da Hausa.